Majemin da aka fara ƙirgawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, har yau kuma idan na ji ƙamshin bagaruwa sai hawaye su zubo mini. Majemi ne, ɗan majemi, a wani ƙauye kusa da Danchadi. Fatar jar akuya da ya jeme takan kai kasuwar Bodinga a yi ta rububinta, amma hannun da ya jeme ta ba kowa ke son gaisawa da shi ba. Wurin suna ko ɗaurin aure, bayan tabarma yake zama, a zuba masa nasa a kwano daban. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Sau ɗaya na san ya ƙi matsawa. Zamanin da ake zaɓe da layi ne, kowa ya tsaya bayan hoton wanda yake so a ƙirga shi. Daga sallar asuba ya wuce wurin zaɓen, ya riga kowa. Da rana ta ɗaga sai wani ɗan gidan sarauta ya iso da mutanensa, ɗayansu ya toshe hanci ya ce, "Kai majemi, koma baya, manya sun taho."

Maigidana ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya saba, sannan ya miƙe a inda yake. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ko'ina ina matsa maka. Wanga layi dai an ce kai guda, ni guda."

Malamin zaɓe ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗaya." Wanda maigidana ya zaɓa bai ma ci ba, amma ranar tuwo malmala biyu ya cinye.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikokinsa na zama benci ɗaya da jikokin hakimi. Amma bana da autanmu Sahabi, malamin makaranta a Shagari, ya nemi kansila, dattawan jam'iyya suka ce su ba su ƙi shi ba, sai dai ya cire "Majemi" daga sunansa a fosta, don mutane ba za su bi ɗan jima ba. Ya zo mini kansa a sunkuye.

"Inna, kalma guda ce."

Na ce, "Kalmar ce ta ciyar da kai har ka iya rubuta ta."

Maigidana bai bar gona mai faɗi ba, ramin jimarsa ma ya cike da ƙasa. Abin da ya bari shi ne sanin inda ake durƙusawa da inda ba a ja da baya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ko za su ba Sahabi takara, ban sani ba. Jiya dai ya kawo fostar. Ni ban iya karatu ba, sai na ce ya kama yatsana ya ɗora a kan "Majemi", sunan ubansa. Ya ɗora, na daɗe ban ɗauke ba.