Batir na Biyu a Motar Muttaka

Muttaka ya tashi ne a gindin motoci, a garejin mahaifinsa Malam Ubale mai wayarin, a Ƙofar Ruwa ta Kano. Karatu ya kawo shi Kuala Lumpur, aure ya zaunar da shi. Da annoba ta rufe gari, ta same shi yana rabon kayan miya gida-gida a wata tsohuwar motar kaya. Mutum ne mai sanyin hali, mai mantuwa kuma. Yakan nemi makulli alhali yana hannunsa.

A cikin kullen matarsa Bashira ta haifi bakwaini. Aka riƙe jaririyar a kwalba, aka sallami uwar, aka hana kowa shiga. Ta waya ya yi mata huɗuba, wata nas ta kara mata wayar a kunne, ya raɗa mata Fiddausi. Abin da aka yarda ya isa gare ta daga gida ɗaya ne: nonon uwa, shi ma sai da sanyinsa. Bashira takan tatsa da safe a gidansu da ke unguwar Bukit Jalil, asibiti ba ya karɓa sai la'asar, tsakanin nan kuwa yana bisa titi, rana tana dafa ƙarfen mota.

Ya samo ɗan firij da batir na biyu, ya ɗaure su bayan kujera. Na'urar da aka yi don cajin irin wannan batir ta fi ƙarfinsa, sai ya kira Kano. Mahaifin nasa ya ce altaneta, mai yi wa batirin mota caji, ba ta da rowa, in dai injin yana aiki za ta ciyar da batir biyu. Muttaka ya ja waya mai kauri, ya sa fiyus a kowane baki, ya shiga neman rile, makunni mai aiki da kansa, da zai haɗa da makulli, yadda in ya kashe mota batiran za su rabu da kansu. Shagunan kayan gyara duk a rufe suke. Abin da ya samu babban makunni ne na hannu: a murɗa in an tashi, a mayar in an tsaya.

"Makunni na masu hankali a jiki ne," in ji tsohon. "Kai kuwa na san abin da na haifa."

Ya yi makonni bai manta ba. Ran nan, a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, Bashira ta turo masa hoton da nas ta ɗauka: yarinyar ta buɗe ido. Ya kashe mota bai mayar da makunnin ba, ya sauke kaya, ya yi azahar a gefen mota, ya zauna a inuwar wani kantin yadi da ke kulle yana ta kallon idanun nan har barci ya sace shi. Firij ya yi ta zuƙar batiran biyu, waɗanda dama sun tsufa. Da ya murɗa makulli, injin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Firij ɗin ma ya daina gurnani.

Titin da a da ba ka samun wurin sa ƙafa, ranar babu ko mai tura mota. Bai buɗe murfin firij ɗin ba, don kada sauran sanyin ya tsere. Ya kwance firij, ya tuɓe rigarsa ta sama ya naɗa gammo, ya ɗora a ka, ya miƙe wuya kamar matan da ke shigo da nono Kano da hantsi. Ya bi ta gaban rufaffun kantuna, takunkumi ya jiƙe da gumi. Sojan da ke kan shinge ya dube shi, ya dubi takardar asibiti, ya matsa gefe.

A ƙofar asibiti nas ta buɗe firij, ta ɗauki kwalba guda ta kara a wuyan hannunta. Muttaka ya riƙe numfashi.

"Boleh," ta ce da yarensu, wato ya yi, ta kwashe su duka ta shige ciki.

Ya zauna a kan dakali, ya kira Bashira ya ce mata Fiddausi za ta sha.