Silinda Biyu, Baya da Baya

A kamfanin cika kwalabe, Takwas suke kiranta, don injin tura kwali ya cinye mata yatsu biyu tun tana sabuwar zuwa. Ba ta taɓa ɓoye hannun ba. Da shi ma take nuna mutum in ya ɓata mata rai, kuma ɓata mata rai ba wani abu ne mai wuya ba. Shekara ashirin da shida ta yi tana gyaran silindar iska, wato bututun ƙarfen nan da iska ke tura sandar cikinsa waje ta kuma mayar da ita. Injiniyoyi masu takardu sun zo sun tafi a gabanta, wasu ma ita ta nuna musu yadda ake riƙe sifana. Babu wanda ya taɓa ɗaga mata matsayi, ita kuma ba ta taɓa roƙo ba.

'Yar ƙanenta, wadda ake kira Auta, tana ajin ƙarshe a makarantar koyon fasaha, cikin ɗalibai biyar da za su kai mutum-mutumi gasa. Aikinsa shi ne ya ɗauki akwati ya ajiye a kanta mai hawa uku. Ita kuwa silindar da ke ɗaga hannunsa abu biyu kawai ta sani: ko ta fito gaba ɗaya, ko ta koma gaba ɗaya. Malaminsu ya sa suka ɗaura na'urar da za ta rufe bawul, wato mashigar iska, idan sandar ta kai tsakiya, amma iska matsuwa take yi kamar soso. Hannun sai ya wuce, ya dawo, ya yi ta karkarwa har akwatin ya faɗi. Mako uku suna wannan fama.

Auta ta same ta a kicin tana wanke kwanuka. "Gwaggo, don Allah ki zo ki duba mana."

"Ba zan taɓa ba. In na taɓa ya zama nawa. Silinda ɗaya, wuri nawa take tsayawa?"

"Biyu."

"To in silinda biyu ce fa?"

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta ci gaba da wanke-wankenta. Auta ta fita tana ƙunƙuni, amma kafin mako ya zagayo ta gano bakin zaren. Ta samo gajeriyar silinda mai tafiyar santimita goma da doguwa mai ashirin, ta haɗa su baya da baya a kan farantin ƙarfe. Gajeriya ta fito, hawan farko. Doguwa ta fito, na biyu. Su fito tare, na uku. Faranti uku ta lalata wajen huda kafin na huɗu ya yi daidai.

Ranar gasa, a teburin tantancewa, alƙalin gasar ya sunkuya ya daɗe yana kallon silindodin ta saman tabarau. Dokar gasar ba ta da kwana: duk mutum-mutumin da hannun babba ya haɗa, waje za a yi da shi. Ya miƙe ya faɗa da ƙarfi, har ɗaliban sauran makarantu suka juyo: "Wannan ba aikin 'yan makaranta ba ne. Aikin ma'aikacin kamfani ne. Wa ya yi muku?"

Malamin ya fara murza hannu yana ranka ya daɗe. Idon Auta ya cika da ƙwalla. Takwas tana bayan igiyar da aka killace 'yan kallo, ranta ya ɓaci ƙwarai, don ta san irin kallon nan, ta sha shi shekara da shekaru.

"Ma'aikaciyar kamfanin ga ta nan," ta ce. "Ni ce gwaggonta, kuma ko noti ɗaya ban ɗaure ba."

"Baba, kowa haka zai ce."

"Ai ban ce ka yarda da ni ba. Ka ba ta sifana. Ta kwance shi a gabanka ta mayar. In ta kasa, ni da kaina zan ɗauke shi in fitar."

Alƙalin ya dubi agogonsa, ya ce minti ashirin. Aka sauke iskar tanki. Auta ta zare tiyo huɗu, ta kwance faranti, ta jera kowane noti a kan ƙyalle, sannan ta fara mayarwa. A minti na sha huɗu sai Takwas ta ga yarinyar ta ɗauki tiyon fitar doguwar silinda ta cusa a ramin komawa. Da za ta yi tari ɗaya, ya isa Auta ta ɗago. Ta ciji leɓe, ta ƙanƙame igiyar, ba ta yi ba. A duk rayuwarta ba ta taɓa jin shiru ya yi mata nauyi haka ba.

Aka kunna iska. Hannun ya harba gaba tun ba a taɓa komai ba, abokan Auta suka dafe kai. Alƙalin ya zare murfin biro.

"Lokacina bai ƙare ba," in ji Auta, ba ta ko dube shi ba. Ta rufe iskar, ta bi tiyon da yatsa daga bawul har ƙarshe, ta ja tsaki, ta musanya su. Hawan farko, cak. Na biyu, cak. Na uku, akwatin ya zauna ko motsi babu.

Alƙalin ya sa hannu a takarda, ya ce ƙasa-ƙasa za su iya wucewa.

Takwas ba ta gusa ba. "A gaban mutane ka ce ba ita ta yi ba. A gabansu za ka gyara."

Ya gyara tsayuwar tabarau. "Ita ta yi."

"Ƙarar inji ta lalata min kunne, ɗana. Ɗaga murya."