Neman Ɗakin Inna, Daga Rafin Guza Zuwa Unguwar Sarki

Rafin Guza, 5:40 na asuba

Ana idar da salla na fito, littafin rubutu a hammata kamar mai duba makarantu. Wata huɗu ke nan da bangon ɗakin mahaifiyata ya tsage a ƙauye, tana raɓe wajen matar ƙanena, ni kuwa na yi mata alkawarin sabon ɗaki kafin damina. Matsalar ita ce ni malamin lissafi ne, ko tsintsiya ba na saya sai na gwada biyu. Matata ta bi ni da kallo ta ce, "Malam, Kawo fa za ka, ba Makka ba." Na kama hanya.

Kawo, 6:25

Tafiyar ba ta kai kilomita uku ba, amma mai keke ya yi rabin awa yana jiran ciko. Na iske shagon da nake nema a rufe, don haka na zauna wajen mai shayi har tara, na sha kofi biyu da burodi.

Mai shagon, Bulus, mutumin Kudancin Kaduna ne, yana ƙera ɗakin haɗawa: ƙarafa da kwano da notuka, a loda a mota, a je ƙauye a ɗaure a wuni ɗaya. Ya buga bangon wani da ya haɗa a gaban shagon da tafin hannu.

"Oga, wannan ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, mama ba za ta jiƙe ba."

"Zafi fa?"

"A, wannan kam shiga ka ji da kanka."

Na jira rana ta ɗaga, na shiga na ja ƙofa, da niyyar yin minti goma. A na huɗu na fito sharkaf, ina fifita da littafin binciken.

Unguwar Sarki, 12:10

Bas ta sauke ni bakin titi, na taka minti bakwai zuwa gidan Baba Sale, tsohon magini. Zaurensa ɗaurin guga ne, wato an lanƙwasa azara an haɗe ta a sama, an rufe da laka, rufin ya yi tulluwa. Sanyin ciki kamar na randa. Ya sa aka kawo fura, na sha, na shiga yi masa bayanin yadda lanƙwasar ke raba nauyi.

"Ashe haka ne," in ji shi. "Shekara arba'in ina yi, ban sani ba."

Ban gane gatse ne ba sai da na farka, domin barci ya sace ni a kan tabarmarsa har aka kira azahar. Bayan salla na ce, "Baba, na gama bincike. Naka ya ci. Yaushe za mu tafi?"

Ya leƙa waje, ya dubi gabas.

"Ɗana, wa ke kwaɓa ƙasa hadari na haɗuwa? Tubali sai ya sha rana. Sai dai bayan kaka. Da ka zo watan da bangon ya tsage, da yanzu mahaifiyarka tana ciki."

Kawo kuma, 4:30

A nan ruwan farko ya tare ni. Na laɓe a rumfar wani mai faci, na kira Inna don in shaida mata sai dai kwano, ta yi haƙuri da zafi.

"Kai, kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Maƙwabta sun yi gayya tun makon jiya. Sun tayar da bangon, sun yi jinka. Kwanana biyar a ciki."

"Inna, ba wanda ya gaya mini."

"Ni na hana, na ce aiki ya yi maka yawa. Da suka tambaye ka, na raba musu goro na ce kai ka aiko."

Kunya ta rufe ni. Ita ce ma ta tambaye ni ko na ci abinci.

Rafin Guza, 6:05

Na iso gida lafiya, a jiƙe, alhamdu lillahi. Na gode wa Bulus da bai ɓoye mini zafin kwanonsa ba, da Baba Sale da furarsa. Mutanen da suka taka laka saboda uwata kuwa, ko sunayensu ban gama sani ba. Ranar Asabar zan kama motar farko, in bi su gida-gida da goron da aka ce na aiko.