Mun Ce Tsargiya Ce

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Sule, manomin auduga a Dayi, kuma har yau in na ji an ce "tsargiya ce kawai" sai gabana ya faɗi.

A wajenmu duk wanda ya taso yana wanka a rafi ya san fitsarin jini. Shi ya sa da Yaya ya fara ganinsa da damina, tsiya muka yi masa, wai gemai-gemai da shi ya kamu da ciwon yara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya sha jiƙo, ya sha ƙwayoyin kemis, jini bai tsaya ba. Kwiɓinsa ya kumbura, wando ya fara zame masa. Dariya ta ɗauke, tsoro ya shigo gidan.

Da aka tura mu Zariya daga Malumfashi, likita ya ce dajin ƙoda ne, a cire ta da gaggawa. Auduga kuwa ta fara fashewa. "Isa, bari in tsince ta tukuna," in ji Yaya. Na roƙe shi, na yi fushi, har na ɗaga masa murya. Ya tsince abarsa. Da muka koma, ciwon ya riga ya kai huhu.

Kwanan baya 'yarsa Binta, wadda ya bari a goye, yanzu ma'aikaciyar jinya, ta ce mini: "Baffa, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da ajalinta, in ta lalace sai ta mutu da kanta. Ta daji ce ke ƙin mutuwa. Masu bincike na neman maganin da zai tuna mata da ajalin."

Da Yaya na nan, da kafin ta rufe baki ya gane. Duk ƙarshen kaka shi ke bin maƙwabta da masifa a tuge karan auduga a ƙone, domin karan da ya ƙi mutuwa shi ke ajiye wa baɗi tsutsa. Amma na san halinsa, da sai ya tambaya ko mai shan maganin zai iya zuwa gona.

A kakarsa ta ƙarshe, yana kwance, ni ya sa na tuge masa karan gonarsa, kuma har yau ni ke tugewa. Binta kuwa, duk wanda ya zo mata da fitsarin jini yana cewa tsargiya ce, ba ta barinsa ya tafi sai an gwada shi.