Firjin Inna

Shekarar da majalisar dokokin jiharmu ta taso da maganar jan wuta zuwa ƙauyuka, ina Jidda, ina tura naɗin wayar lantarki a wani sito a unguwar Khumra. Aikina ke nan: a sauke daga tirela, a mirgina, Balaraben da ke kanmu ya ce yalla, a ƙara mirginawa. Ko iƙama, takardar izinin zama, ba ni da ita, da umra na shigo na maƙale. Amma a garinmu injiniya ake ce mini. Ni na jawo wa kaina. Na taɓa rubuta wa Yaya, babban wanmu, cewa ina harkar lantarki, ya faɗa a ƙofar masallaci, magana ta bazu, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Har firji na aika wa Inna ta hannun alhazai, alhali na san ko turken wuta ɗaya babu a garin. Na ce ta ajiye, wuta na nan tafe.

A lokacin, da kaset muke gaisawa da gida. Wani mai umra ya kawo mini na Yaya. Bayan gaisuwa ya ce majalisa za ta yi doka, gwamnati ta fitar da kuɗin jama'a ta ja manyan layuka daga madatsar ruwa, wutar da babu hayaƙi babu mai. Layin zai ratsa gonakin garinmu, har da tamu, kuma an ce a ji ra'ayin kowane gari kafin a sa hannu. "Mai gari ya ce tun da muna da namu injiniyan a Makka, ba za mu yi gaban kanmu ba. Abin da ka ce shi za a yi."

Wallahi da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Ko in ce su yarda, shi ke nan. Amma sai na ga ai kowane manomi zai iya cewa a yarda. Injiniya kuwa sai ya gano aibu.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na zauna a ɗakinmu na unguwar Waziriyya na danna rikoda. Ban ma kashe na'urar sanyaya ɗaki ba, don su ji ƙararta. Na gyara murya na ce a nan ƙasar da aka ci gaba binne waya ake yi a ƙasa, na gani da idona. Wannan kam gaskiya ne, na ga ana tona a cikin gari. Sauran duk ni na ƙirƙira. Na ce wayar sama tana ƙone amfanin gona, tana sa shanu ɓari. Na ce kada su yarda a raina musu hankali, ko a binne ko a bari. Har da Larabci na zuba, kai, abin kunya!

An sa kaset ɗin a ƙofar mai gari, sau uku aka maimaita. Suka rubuta takarda cewa ba su yarda ba sai an binne, dattawa suka dangwala. Doka ta wuce. Masu awo suka ce babu mai binne irin wannan layi a daji, suka karkata shi ta garin da ke gabas da mu. Mutanen can ba su da kowa a Makka, sai suka yarda kawai.

Bayan shekara huɗu Yaya ya zo umra. Bai gaya mini ranar da zai iso Jidda ba, wani ɗan Nijar da muke ɗaki ɗaya ya rako shi har sito. Ina ɗagowa na gan shi a bakin ƙofa da farar taguwa, ni kuwa na dafa naɗin waya da hannu biyu, gumi har cikin ido, Balaraben yana yi mini tsawa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ya yi mini sallama kawai. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Muka zauna a inuwar tirela, na sayo masa shayi. Ya ce matan garinmu yanzu can gabas suke kai niƙa, a ƙafa. Ya ce geron da ke ƙarƙashin layin ya fi shi kansa tsayi bana. A hankali ya faɗa, yana juya kofi.

Na tambayi Inna.

"Tana nan, jiki sai a hankali. Firjinka ma yana nan, kullum sai ta goge shi. Likkafaninta ta ajiye a ciki, ta ce gara ba ta shiga." Ya kurɓi shayi. "Ta ba ni saƙo. Ta ce in tambayi injiniya, wai idan firji ya daɗe ba a kunna ba, yana lalacewa? Tana so ranar da aka kawo wuta ta sha ruwan sanyi daga cikinsa."

Na dubi hannuwana, duk baƙin mai.

Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Sai dai ba haka zan gaya mata ba."