Sharfaddeen da Gaisuwar Taku Goma

Sharfaddeen ɗan ƙanwata bai taɓa ɓoye ƙyuyarsa ta gaida mutane ba. Tun yana yaro a Gaya yake cewa durƙusawa ɓata lokaci ne. Da ya gama karatun kwamfuta a Kano, ya bar wa ciyawa gonar gyaɗar ubansa, ya shekara uku yana haɗa manhajar waya mai aika saƙo ta bulutut, ba data, ba sabis. Wai da ita zai yi suna.

Saƙon ba ya wuce taku goma. Wanda ke taku goma da kai kuwa, ai baki ya isa.

Ranar kasuwar Ajingi ya sa wa 'yan gyaɗa ita a wayoyinsu, ya tsaya ƙerere gaban baffansa Maiwada, ya tura masa "ina wuni".

Maiwada ya ce, "Kai, bakinka ruɓewa ya yi? Ina ganinka, kana ganina! Durƙusa, mara kunya!"

Ya durƙusa ana dariya. Kafin la'asar kowa ya goge manhajar.

Yanzu duk ranar kasuwa yana bin rumfuna, yana gaisuwa da baki, yana roƙo: "Don Allah ku mayar da ita, ku bar bulutut a kunne."