Ranar da Na Wanke Aikin Wata Tara

Shekara goma sha tara na yi ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen sinadarai na wata makaranta da ke hanyar Batagarawa. A aji huɗu na bar firamare. Aikina guda ne: in na ga datti, in wanke.

Akwai wata Dakta, 'yar siririya, da ta shafe wata tara tana fama da wani sinadari mai ɗaci da ke cikin saiwar tafashiya. Wai so take ta haɗa shi da hannunta, ba tare da ta taɓa itacen ba.

Na ce, "Dakta, tafashiya fa ga ta nan a kasuwa, ɗauri-ɗauri."

Ta ce, "Baba, wanda itace ke yi kaɗan ne. In muka iya haɗa shi, sai mu gyara shi ya fi haka aiki."

Hawa goma sha huɗu ne aikin, in ji ta. A dafa, a tace, a busar, a sake dafawa. Ni dai abin da na gani, kullum raguwa yake. An fara da gari cike da kofi, da aka zo ƙarshe bai kai kwallin ido ɗaya ba.

Wata Alhamis da hantsi ta tafi taro. Na tarar da kwalba mai zagayayyen gindi kusa da famfo, da ɗan dabbare rawaya a ƙasanta, kamar an ci miyar taushe an bar kwano. Takardar da ta liƙa mata ta faɗi, na riga na share. Na ɗauraye kwalbar da asiton, ruwan nan mai warin abin goge farce, na bi da sabulu da buroshi. Har ɗaga ta na yi a rana ina yaba kaina.

Da ta dawo ta ce, "Baba, ina abin da ke cikin nan?"

"Dattin? Ai na fitar da shi tas."

Sai ta zauna a ƙasa da farar rigarta. Ba ta yi ihu ba. Gara ma ta yi.

Can ta ce, "Ɗaurayen farko, a durom ka zuba?"

A doka, can ake zubawa, cikin tarkacen kowa, inda ba a sake ganin komai. To ni shekara biyu ke nan ban zuba ba. A jarka nake tarawa, in kai gida Kambarawa, mu yayyafa wa katifa saboda kuɗin cizo. Farfesa, shugaban sashen, ya sha faɗa cewa wanda ya fita da ko cokali ɗaya daga ɗakin nan ya kori kansa. Na tuna fansho, saura shekara shida. Na dubi baiwar Allah a ƙasa.

Na ce, "Dakta, yi mani alkawari ba za ki yi fushi sau biyu ba."

Na je na kwance jarkar daga bayan kekena. Allah Ya sa sabon tari ne, ɗauraye uku kacal a ciki. Na miƙa mata, na gaya mata abin da muke yi da shi a gida.

"Kuɗin cizo, Baba?"

"Suna mutuwa kuwa."

"Ka san abin nan na kama wuta?"

"Shi ya sa ranar ba mu kunna maganin sauro."

Ta rungume jarkar, tana dariya tana share ido. Sati uku tana tacewa kafin ta ceto rabinsa, kuma rabin ya isa a auna.

Da Farfesa ya tambayi yadda aka yi, ta ce ai Baba ne mai hikimar ware ɗaurayen farko. Jarka dai ba ta ambata ba, balle keke. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya mai da shi doka: kowane ɗauraye da kwalbarsa, da takardarsa, a kulle a kabad. Makullin yana hannun Dakta.

Aikina ya ninka. Kuɗin cizo sun dawo da 'yan'uwansu, kuma har yau maiɗakina na tambayata wane laifi na yi aka hana ni ruwan.